MAKABARTAR YAHUDAWAN KARTUM DA AMANAR KABARIN BAƘO

A cikin birnin Kartum na ƙasar Sudan akwai wani ɗan ƙaramin fili da ya shafe shekaru masu yawa yana zaman juji. Masu gyaran mota suna jibge tsofaffin ƙarafa a cikinsa, masu shara suna juye tasu, har ta kai wanda ya zo wucewa ba zai taɓa kawowa a ransa cewa akwai mutane kwance a ƙarƙashin wannan tarkace ba. Alhali kuwa makabarta ce, ta Yahudawan da suka zauna a Sudan har zuwa farkon shekarun 1970. Na san da jin wannan suna wani mai karatu zai yamutsa fuska, ya ce ina ruwan mujallar ɗaliban Hausa a Maiduguri da kabarin Bayahude, balle a irin wannan lokaci da jinin Falasɗinawa bai bushe ba. Ina roƙonsa ya ɗan yi haƙuri ya biyo ni. Ra'ayina shi ne, abin da ya sami wannan makabarta abin kunya ne ga garin da take cikinsa, kuma mu a nan Barno muna dab da faɗawa irin wannan hali, a kan kaburburan baƙinmu da ma namu na kanmu.

Da farko dai, Kartum ba baƙon wuri ba ne gare mu. Kafin jirgin sama ya zama abin hawan alhazai, ta nan Yerwa hanyar gabas ta ratsa. Daga Kano a sauka Maiduguri, a tsallaka Fort Lamy, wato Injamena ta yau, a wuce Abashe, a shiga Darfur, a bi ta Al-Ubayyid zuwa Kartum, daga nan sai bakin Bahar Maliya. Wani yakan shekara biyar, wani goma a kan hanya, yana ƙodago a gonakin auduga na Jazira don ya tara guziri. Shi kansa Rabe da ya ƙone Kukawa a 1893, daga wajen Kartum ya fito. Saboda haka labarin da zan kawo labarin maƙwabta ne.

Su wane ne ke kwance a wurin?

A lokacin da Mahadi Muhammad Ahmad ya ci Kartum a watan Janairun 1885, ya tarar da 'yan gidajen Yahudawa da ba su kai goma ba, waɗanda suka shigo a zamanin mulkin Turkawa da Misirawa. An tilasta musu shiga Musulunci kamar yadda aka yi wa Kiristocin da aka tarar, suka zauna a wata unguwa ta Umdurman da ake kira Masalma. A haka suka kasance duk tsawon mulkin Halifa Abdullahi, har zuwa watan Satumbar 1898 da rundunar Kitchener ta karya daular Mahadiyya a yaƙin Karari. Bayan nan wasunsu suka koma addininsu na da, a ƙarƙashin jagorancin wani mai suna Ben Zion Koshti, wanda mutanen gari suka fi sani da Basyuni. Wasu kuma suka ci gaba da zama Musulmi, zuriyarsu na nan a Sudan har yau. A riƙe wannan, domin yana nuna cewa zancen "su" da "mu" bai cika yin sauƙi ba kamar yadda ake yin sa a majalisar shayi.

Da Turawa suka shimfiɗa layin dogo daga iyakar Masar zuwa Kartum, sai 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga Alƙahira da Iskandariyya da Bagadaza da Sham, cikinsu har da Yahudawa. Larabci suke yi a gida da kasuwa. Sana'arsu ba ta wuce wadda muka sani ba: yadi da auduga da fata da ƙaro, wannan ƙaron dai da manomin Barno ke ɗiba a jikin bishiya. Sun bazu zuwa Wad Madani da Port Sudan da sauran garuruwan da jirgin ƙasa ke tsayawa. A 1906 aka aiko musu da malami, Solomon Malka, haifaffen Maroko, wanda ya riƙe limancinsu har ya rasu a 1949. Wato ya sauka Sudan shekara guda kafin Shehu Garbai ya tare a Yerwa a 1907. A 1926 suka gina babbar majami'arsu a tsakiyar Kartum. Ko a lokacin da suka fi yawa ba su wuce gida 250 ba, kimanin mutum dubu ke nan. A Maiduguri wannan ai ko rabin unguwa bai cika ba.

Kafa ƙasar Isra'ila a 1948 shi ya fara sauya iskar. Sudan ta sami mulkin kai ranar 1 ga Janairun 1956, kuma kafin shekarar ta ƙare sai ga rikicin mashigin Suwes, inda Isra'ila da Ingila da Faransa suka far wa Masar. Daga nan aka fara ɗaure kaya. Yaƙin kwana shida na 1967 ya ƙara tsananta al'amari, kuma a Kartum ɗin ne shugabannin Larabawa suka taru a wannan shekara suka yanke cewa babu sulhu da Isra'ila, babu amincewa da ita, babu zaman tattaunawa. Da Ja'afar Numairi ya karɓi mulki a 1969, ya kuma mayar da kamfanoni da bankuna hannun gwamnati a 1970, sai 'yan ragowar ma suka kama hanya. Wasu suka nufi Isra'ila, wasu Ingila, wasu Amurka, wasu Suwizalan.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka nufi Suwizalan ɗin, sawunsa na nan a ƙasarmu. Shi ne Nessim Gaon, wanda aka haifa a Sudan a 1922, ya rasu a 2022. Kamfaninsa mai suna Noga shi ne ya haɗa hannu aka gina babban otal ɗin Abuja da aka buɗe a 1987 da sunan Nicon Noga Hilton, wanda yanzu ake kira Transcorp Hilton. Manyanmu da yawa sun kwana a cikinsa ba tare da sun san daga ina kalmar Noga ta fito ba. Kuma ba a kansa aka fara ba. A ƙarshen ƙarni na 19, gashin jimina da ake lodawa raƙuma daga Barno da Kano, da yawansa a hannun attajiran Yahudawa na Tarabulus yake sauka kafin ya wuce Turai. A zamanin dalar gyaɗa kuma, Saul Raccah, Bayahuden Tarabulus, yana cikin manyan masu sayen gyaɗa a Kano. Na kawo wannan ne don a san cewa kakanninmu sun yi ciniki da mutanen nan ido da ido, tun kafin su zama labarin da ake ji a rediyo.

Yadda makabarta ke zama juji

Mai rai yana iya ɗaukar akwatinsa ya hau jirgi, amma ina zai kai kabarin mahaifiyarsa? A addinin Yahudawa jana'iza ta yi kama da tamu ƙwarai: a wanke gawa, a sa ta a farin likkafani, a gaggauta binnewa a ƙasa. Inda suka fi mu tsanani shi ne, a wurinsu kabari mallakin mai shi ne har abada, ba a sake binne wani a ciki, ba a kuma tone shi sai da babbar larura. To amma a tsakiyar shekarun 1970, da labari ya riƙa isa ga waɗanda suka yi ƙaura cewa ana farfasa kaburbura, sai wasu masu hali daga cikinsu suka shirya aka tone wani kaso na gawarwakin, aka ɗauke su a jirgin sama, aka sake binne su a makabartar Givat Shaul da ke birnin Ƙudus. Duba irin yanke ƙaunar da za ta sa mutum ya tone mahaifinsa daga ƙasar da aka haife shi. A tsakiyar shekarun 1980 kuma aka sayar da majami'ar, aka rushe ta, banki ya hau filin.

Ba duka aka kwashe ba. Mai hankali zai iya ƙiyasta su wa aka fi bari a baya: wanda danginsa ba su da kuɗin jirgi, da wanda bai bar magaji ba, da jariran da suka rasu tun kafin a gama sanin sunansu. Wato marasa gata a cikin marasa gata.

Abin da nake so mu lura da shi shi ne, makabarta ba ta bukatar maƙiyi kafin ta lalace. Rashin mai cewa "kai, bari" kaɗai ya isa. Yau mai gadi ya daina zuwa saboda babu mai biyansa. Damina ta zo wani ɓangare na katanga ya faɗi, babu mai tayarwa. Wani yaron gareji ya rasa inda zai jefa tsohuwar taya, ya cilla ta ciki, bai ji kowa ya yi magana ba. Gobe na kusa da shi ya kawo baro guda. Mai neman dutsen daɓe ya ga farin dutse a kwance ya ɗauka. Kafin shekara goma an haifi yaran da tun da suka buɗe ido juji suka san wurin, in ka ce musu makabarta ce sai su yi maka dariya. Ba na musun cewa akwai ƙiyayya a lamarin Kartum, domin wanda ya sa guduma ya farfasa rubutun kabari ba wurin zubar da shara yake nema ba. Amma sauran dubban mutanen da suka yi shekara arba'in suna wucewa ta wurin ba su ƙi kowa ba, kawai dai sun ga ba nasu ba ne. A ganina laifin waɗannan ne ya fi kama da namu.

Bayan faɗuwar Umar al-Bashir a watan Afrilun 2019, ministan harkokin addini na gwamnatin riƙon ƙwarya, Nasruddin Mufarrih, ya fito fili ya gayyaci Yahudawan Sudan su dawo ƙasarsu. A 2020 aka ba wani ɗan kasuwa Bayahude daga Kanada izinin share makabartar. Ya ɗauki ma'aikata 'yan Sudan, har da masanin kayan tarihi, suka shiga aiki. Sai da aka kwashe shara fiye da mota goma kafin ƙasa ta bayyana, aka gano kaburbura sama da saba'in. Aka riƙa tsintar gutsattsarin duwatsu ana haɗa su ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɗinkin ƙwarya, har wasu sunaye suka sake karantuwa, da Ibrananci da Larabci da Turanci. Aka ɗauki hotuna, aka rubuta abin da ya rubutu.

Wani zai ce ai duk siyasa ce. Yana da hujja, domin a watan Fabrairun 2020 ne Janar Burhan ya gana da Netanyahu a Entebbe ta Yuganda, a watan Oktoba aka sanar da shirin ƙulla hulɗa da Isra'ila, a Disamba kuma Amurka ta cire Sudan daga jerin ƙasashen da take zargi da goyon bayan ta'addanci. Ni ma ban ɗauka tsoron Allah zalla ne ya buɗe ƙofar ofishin minista ba. Sai dai wannan ƙarin abin kunya ne a kanmu: aikin da ya kamata a ce limamin unguwa da mai unguwa sun sa matasa sun yi shi tun shekara talatin da suka wuce, sai da cinikin manyan ƙasashe ya gitta sannan aka tuna da shi.

Shara ba ta daɗe da ƙarewa ba sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin gwamnati da dakarun Hamidti. Kusan shekara biyu tsakiyar Kartum tana fagen daga, sai a watan Maris na 2025 sojoji suka ƙwace ta. Miliyoyin mutane sun gudu. An wawashe gidan adana kayan tarihi na ƙasa. Saboda ruwan harsashi, mutane sun kasa kai gawarwakinsu makabarta, suka riƙa binne su a tsakar gida da filin makaranta da gefen titi, har bayan ƙura ta ɗan lafa hukuma ta shiga tone su tana mayarwa makabartu. Wannan shi ne birnin da makabartar take ciki a yau, birnin da masu shi ma suka ɗanɗani barin kabari ba mai ziyara. Abin da harsashi bai iya taɓawa ba shi ne hotuna da sunayen da aka tattara, da kuma hirarrakin da wata jikar Yahudawan Sudan da ke Landan ta yi shekaru tana naɗa daga bakin tsofaffinsu, a wani aiki da ta sa wa suna Tales of Jewish Sudan. Zan dawo kan wannan.

To, su fa da suke tone namu?

Wannan ita ce tambayar da na san tana cin mai karatu, kuma ba zan kauce mata ba. Gaskiya ne. A birnin Ƙudus akwai tsohuwar makabartar Musulmi ta Ma'manullah, wadda aka fi sani da Mamilla, inda malamai da mayaƙa na ɗaruruwan shekaru suke kwance. An mayar da babban ɓangarenta wurin shaƙatawa da wurin ajiye motoci, sannan a 2008 kotun ƙolin Isra'ila ta yarda a gina gidan tarihi a wani sashe nata. Abin takaici, sunan gidan tarihin wai na haƙuri da juna ne. A watan Janairun 2024 kuma, binciken gidan talabijin na CNN ya nuna sojojin Isra'ila sun lalata makabartu aƙalla 16 a Gaza. Duk wanda bai ji zafin wannan ba, a duba zuciyarsa.

Amma mu tambayi kanmu, da wace hujja muke la'antar wannan aiki? In hujjarmu ita ce kawai don namu ne aka taɓa, to mai tuƙa buldoza a Gaza shi ma zai ce ai ba nasa ba ne, magana ta ƙare, sai wanda ya fi ƙarfi. Hujjar da za ta tsaya a gaban kowa ita ce, kabarin ɗan Adam yana da alfarma, ko na wane ne. Wanda ya riƙe wannan hujja a Ƙudus kuwa, ba shi da damar sakin ta a Kartum. Jaririyar da ta rasu a Sudan a zamanin Turawa ba ta ƙwace gonar kowa ba, ba ta kuma jefa bam a kan kowa ba.

Ni ba malami ba ne, amma ɗan abin da muka koya a zaure ya isa a nan. Suratul Isra'i ta ambaci karramawar da Allah ya yi wa 'ya'yan Adam a dunƙule. Suratul Ma'ida ta ba da labarin yadda hankaka ya koya wa ɗan Adam binne gawa, tun kafin a san wata ƙabila. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawa Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ta Bayahude ce, sai ya nuna cewa ai shi ma rai ne. Na san malamai sun yi saɓani a kan ko hukuncin miƙewar ya ci gaba ko an shafe shi, wannan fagensu ne. Na kuma san ɗalibin hadisi zai tuna mini cewa an kwashe wasu kaburburan mushirikai lokacin gina masallacin Madina. Haka ne, amma da yardar masu filin aka yi, kuma masallaci aka gina. A ina aka ce a mayar da kabarin maƙwabcin da ya zauna da kai da amana wurin zubar da baƙin mai? Ƙasar Maroko, wadda mazhabarmu ɗaya da ita, a 2010 Sarki Muhammad na Shida ya ƙaddamar da aikin gyara makabartun Yahudawa 167 a faɗin ƙasar. Musuluncin Maroko bai ragu da ko ƙwayar gero ba saboda haka.

Mu ma baƙi ne a wani wurin

In akwai al'ummar da ya kamata ta fi kowa damuwa da kabarin baƙo, to Bahaushe ne. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu Shuɗi. Tsakanin Burmi da can, da tsakanin Yerwa da Sawakin, Allah kaɗai ya san adadin alhazan da suka kwanta a hanya aka tura musu ƙasa, ayari ya wuce. Wa ke gadinsu? Mutanen da ba su san su ba. A 2022, bayan fiye da shekara ɗari da zama, rikici ya tashi a jihar Nilu Shuɗi lokacin da Hausawa suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, aka ce musu ai su baƙi ne, ba su da ƙasa. Ɗaruruwan rayuka suka salwanta, dubbai suka bar gidajensu. A irin wannan gardama, babbar shaidar da mutum zai nuna cewa ya daɗe a wuri ita ce kabarin kakansa. Shi ya sa mai son goge tarihin jama'a yakan fara da makabartarsu.

Haka a Ghana. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Mutanen zango da yawa suka taso suka bar iyayensu a ƙasa. Mu ma a 1983 muka rama a kan 'yan Ghana. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Namu gemun ma ai ya riga ya sha wuta ba sau ɗaya ba.

Yanzu mu dawo gida. Maiduguri gari ne da baƙi suka taru suka cika. Sunayen unguwanni kaɗai sun isa shaida: ga Hausari, ga Fezzan da ta ci sunan Larabawan da suka ƙetaro Sahara. An yi Turawan mulki da na kamfani, an yi Kwarori, an yi 'yan Sudan da 'yan Chadi, an yi ma'aikatan jirgin ƙasa daga kudu tun da layin dogo ya iso a 1964. Duk waɗannan sun mutu a nan kamar yadda kowa ke mutuwa, an kuma binne su a wani wuri. Da yawa zuriyarsu ta tashi, wasu saboda kasuwa ta mutu, wasu saboda tashin hankalin da ya fara a 2009. Ɗalibi nawa ne a cikinmu zai iya nuna inda suke kwance? Ni dai na yi wannan tambaya a tsakanin abokai, amsar da na fi samu ita ce ɗaga kafaɗa.

Na baƙi ke nan. Namu fa? Tun daga 2014 garuruwa da ƙauyuka a Abadam da Guzamala da Marte da Kukawa suka watse, wasu har yau ba a koma ba. Kowane ƙauye da ya tashi ya bar makabarta a bayansa. Waɗanda suka gudo kuma suka yi shekaru a sansanonin Bakasi da Dalori da sauransu, tsofaffinsu da jariransu suka rasu a nan aka binne su a nan. Daga 2021 gwamnatin jiha ta fara rufe sansanonin cikin birni, jama'a suka kama gabansu. Ke nan an bar kaburbura a can babu masu su, an kuma bar wasu a nan babu masu su. Sannan ga ruwa: ranar 10 ga Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, kamar yadda ta taɓa yi a 1994, ruwa ya mamaye babban ɓangaren birni, ya shiga har makabartu, ciki har da ta Gwange.

A nan ne bambancinmu da Yahudawan Kartum ya zama abin tsoro. Su sun rubuta suna a kan dutse, shi ya sa bayan shekara hamsin a ƙarƙashin shara aka iya haɗa gutsattsari aka ce wannan wance ce. Mu kuwa ba ma gini a kan kabari, kuma ba ina kira a fara ba. Tudun ƙasa ne da ɗan itace ko fasasshen tulu, damina uku ta isa ta baje shi. Rajistar makabartarmu tana cikin kan mutum ɗaya ko biyu, wato tsohon mai haƙa da mai gadi. Shi ya san daga wace bishiya zuwa wace bishiya filin ya tsaya, shi ya san wane attajiri ko wane bulama ya ba da shi wakafi, shi ya san kusurwar da aka binne mutanen wata annoba. Ranar da aka binne shi, an binne littafin. A fiƙihunmu makabarta wakafi ce, ba a sayarwa, ba a gado. Amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 takarda ta sani. Filin da ba a auna ba, ba a zana ba, ba a shigar da shi ko'ina ba, a idon takarda fili ne kawai, kuma kowa ya san yadda dillalan filaye ke kallon fili a garin da jama'arsa ta ninka cikin 'yan shekaru. Da ƙafa biyu ake farawa, a ce ai gefen nan ba kowa a ciki.

Katange makabartu da auna su aikin hukuma ne da masu hali, kuma ya kamata a yi wa kowace, ta Musulmi da ta Kirista da ta wanda ba a ma san addininsa ba. Amma akwai kason da ya faɗo kanmu, 'yan'uwana ɗalibai. Kowace shekara muna rubuta kundin kammala digiri, kuma mu faɗi gaskiya, wasu batutuwan an tatse su har sun daina kawo nono. Karin magana a bakin mata, camfi a kan mai ciki, kwatanta bikin aure na gari kaza da gari kaza, a ɗauko na bara a sauya sunan gari. Ga fage nan a buɗe a ɓangaren al'ada wanda ba ya bukatar komai sai littafin rubutu da wayar hannu da ladabi. Ɗalibi ɗaya ya ɗauki makabarta ɗaya. Ya fara da gaishe da lawan da bulama da limamin unguwa, ko shugabannin coci in ta Kirista ce, ya nemi izini. Ya zauna da masu haƙa ya naɗi maganarsu: yaushe aka fara binnewa, wa ya ba da filin, ina iyakarsa ta asali, su wane ne baƙin da ke ciki, daga ina suka zo. Ya zagaya iyakar da wayarsa ya fitar da taswira. Kalmomin sana'ar kansu abin nazari ne, da Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa, domin ban ga ƙamusun da ya tattara su ba.

Ba na cewa kowa ya hau mota ya nufi Abadam, kada a ce ni na aika. Makabartun garuruwan da suka watse, a bakin dattawansu za a same su, kuma da yawansu suna nan cikin gari, a Muna da Gwange da Bulumkutu, suna zaune a inuwa babu mai tambayarsu komai. Abin da waccan baiwar Allah ta Landan ta yi wa kakanninta ke nan, kuma ba ta fi mu kayan aiki ba. In an gama, a ajiye kwafi a ɗakin karatu na Ramat, a kai wani cibiyar nazarin hulɗar tsallaken Sahara da ke nan jami'a, a miƙa wani ga mai unguwar da abin ya shafa, domin ranar da dillali zai zo da igiyar awo a sami abin nuna masa.

In da ni ke raba batutuwa a wannan zango, da unguwar Fezzan zan fara, in tura mutum biyu, ɗaya mai jin Kanuri ɗaya mai jin Larabci, su gano mana inda aka binne fataken farko da suka ba unguwar sunanta.